Ba Korar Toka Na Yi Ba

Gyadi-Gyadi, Kano.
Alhamis, bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga 'yarta. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, ke da abin da kika ɗauko. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa a asibitin da aka tura ki. Ki gaida Goggonki Rabi, ki ce ina godiya da ɗakin da ta ba ki.

Na san za ki yi mamakin tsintar rubutuna a cikin buhun ciyawar Toka, alhali har yanzu da nake rubutun kina ɗakin can kina ninke kaya. Ki yi haƙuri da hannun, kin san a aji shida karatuna ya tsaya. Kuma ke 'yar fari ce, bakina bai saba doguwar magana da ke ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. To abin da baki ya kasa, bari biro ya gwada.

Shekaranjiya da na ce ki tafi da Toka, kin tsaya a ƙofar kicin da kofi a hannunki, kika ce, "Umma, in kin gaji da ita ne ki faɗa, ba sai kin fake da zafi ba." Ni dai na ci gaba da tankaɗe. Tun daga nan ba mu yi wata magana ba sai ta akwati da lokacin tashin mota. Ba na so ki bar gidan nan kina zaton na kori abin da Abbanku ya bari. Shi ya sa na zauna. Zan faɗa miki halinta yadda na koya, kuma duk da kuskure na koya. Ke kina makarantar jinya lokacin, hutu kawai kike ganinta.

Kin dai san yadda ta zo. Wata likita baƙuwa da Abbanku ya daɗe yana gyara wa esi ta tashi komawa ƙasarsu, ta bar masa Toka, ta ce ba ta san wanda zai iya riƙe mata sanyi kamarsa ba. Ya sauke keji daga a-daidaita-sahu, an lulluɓe shi da zani. Na ɗaga zanin na ga abu mai launin toka, kunnuwa fato-fato, gashin baki zara-zara, wutsiya kamar ta kurege. Na ce, "Malam, gafiya ka kawo mini gida?"

Ya ce, "Cincila sunanta. Asalinsu duwatsu masu sanyi ne a wata ƙasa mai nisa. Baƙuwa ce, ki yi mata sannu da zuwa."

Na ce ni ba na gaisawa da ɓeraye. Ya yi dariya, ya share ɗan ɗakin da yake tara kayan gyara, ya ɗaura wata tsohuwar esi da ya haɗa da hannunsa, ya ja mata waya daga solar gida, ya shimfiɗa tayil guda a ƙasan kejin. Maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Amira, ɓera yana kwana cikin esi, ke kina kwana da mafici! Kai, wannan miji naki!" Ni ma a lokacin abin haushi ya ba ni, ba zan ɓoye miki ba.

Kuskurena na farko a jajiberin ƙaramar Sallah ne. Na wanke labule, na wanke darduma, na goge ko'ina, sai na leƙa na gan ta tana birgima cikin kwanon garin nan mai laushi da Abbanku yake zuba mata. Na ce yau ƙazanta ta ƙare. Na ɗebo ruwan ɗumi da sabulu, na zura hannu daga sama na cafko ta kamar yadda ake kama kaza. Sai ta suɓuce, ta bar ni da damin gashi a tafin hannu, bayanta ya yi fili fari fat. Na yi salati. Duk da haka ban haƙura ba, na sake kamo ta na tsoma. Da Abbanku ya dawo sai ya same ta tana rawar sanyi a lungu. Ya zauna da tawul yana tsane ta har aka kira isha'i, don gashinta ya yi yawan da ruwa ba ya fita daga cikinsa. Sai da ya gama ya ce, "Wankanta kika raba ta da shi, kika ba ta naki."

To ki riƙe wannan. Ruwa ba ya taɓa jikinta. Garin nan shi ne wankanta, sau biyu ko uku a mako, ki bar mata kwanon na ɗan lokaci ki ɗauke. Ba tokar murhu ba ce, ba yashin waje ba. Na saka miki gwangwani biyu na garin a ƙasan jakar kayanta. Kuma kada ki taɓa kamo ta daga sama. A wurinta duk abin da ya sauko daga sama shaho ne, shi ya sa take sakin gashi ta gudu. Sai da ta yi wata biyu tana jin takun ƙafata tana shigewa ramin katakonta.

Na biyu, barcin rana. Ni na ɗauka miskilanci ne, dabba tana kwance tun hantsi har yamma, ido rabi a rufe. Ran nan matan islamiyyarmu suka zo ziyara daga Darmanawa, Hajiya Ladi ta ce sai ta ga zomon Turawan da ake faɗa. Na kai su da azahar, na buga kejin na tashe ta. Ta fito tana kaɗa haƙora, kaf-kaf-kaf. Na ce ku ji, gaisuwa take yi. Hajiya Ladi ta matso da fuska tana cewa, "Ke 'yar gayu, zo mu gaisa mana." Sai Toka ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya ta tsula mata fitsari a mayafi. Sabon mayafi, ranar ta fara yafa shi. Hajiya ta ce, "Maman Amira, wannan ba zomo ba ce, tsohuwar mai unguwa ce!" Har gobe in mun haɗu sai ta tambaye ni ya mai fitsarin tsaye.

Ba ta yi laifi ba. Ta yi gargaɗi, ni ce ban ji yarenta ba. In tana kaɗa haƙora, ko ta kwantar da kunnuwa baya tana ƙunƙuni, cewa take a bar ta. In ta miƙe tsaye tana fuskantarki, ki ja baya. Rana lokacin barcinta ne. Daga magariba take farkawa, sai kuma wajen asuba. In kin ji ta yi wani haushi gajere kamar tarin tsoho, sau huɗu ko biyar a jere, tsoro ta ji: mage ce ta gifta, ko an ja kujera, ko baƙuwar murya. Kada ki yi mata tsawa. Ki yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta yi shiru. Ina jin marasa lafiyar da za ki riƙa tasa daga barci don allura ma ba za su ƙi irin wannan muryar ba.

Haƙoranta kuwa, kada ki tsorata da launinsu. Ja-ja ne kamar na tsohon da ya shekara hamsin yana cin goro. Na taɓa ɗauko asuwaki zan goge mata, Abbanku ya riƙe ciki don dariya, ya ce in suka yi fari ne ma za a damu. Tsawo suke yi kullum, dole ta samu abin gwaguya. Ki ba ta itacen da ke cikin jakar, in ba haka ba za ta ci wayar cajarki kamar yadda ta ci tawa. Kuma kada tausayi ya ja ki irin yadda ya ja ni. Da azumi muna shan ruwa, ta kama wayar kejin da hannayenta biyu tana kallona, na ga kamar rowa ce in ci dabino in hana ta. Kwana uku ina ba ta a ɓoye. Cikinta ya ɓaci, sai da aka kai ta wurin likitan dabbobi. Ba dabino, ba gyaɗa, ba rake, ba mangwaro. Busasshiyar ciyawa, ƙwayoyin abincinta, ruwa mai tsabta. In ta kalle ki da idanun nan, ki kau da kai.

Farin cikinta ba ya ɓuya. Za ki ga ta yi tsalle sama ba dalili, ta murɗa jiki, ta taka bango ta dawo kamar ƙwallo. Haka take yi duk magariba in ta ji Abbanku ya jingine babur a soro. Yakan shigo da warin mai a hannunsa, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya ce, "Hajiya Toka, an tashi lafiya?" Sai ta hau kafaɗarsa tana ɗan kuka siriri kamar ɗan tsako, tana tsintar gemunsa da haƙora a hankali. In ta yi miki haka a yatsa, kada ki fizge. Ba cizo ba ne. Gyara ki take yi, ta ɗauke ki a 'yar uwa.

Yanzu zan zo inda biro yake mini nauyi.

Abbanku ya taɓa ce mini irin waɗannan dabbobin ba sa nuna ciwo, don a daji wadda ta nuna rauni ita ake fara ɗauka. Ya ce kada in jira ta kwanta, in riƙa duba abin da ta bari. Kwanonta ya ragu ko bai ragu ba? Kashinta yana nan busasshe kamar ƙwayar shinkafa, ko ya ƙanƙance, ko babu? Ta hau katakon sama yau ko a ƙasa ta wuni? In ta ƙi ci wuni guda, ranar za a kai ta likita, ba gobe ba. Na haddace wannan tsaf. Kullum da safe ina leƙa kwanon Toka.

Amma ban leƙa nasa ba.

Wata uku yana rage tuwo. Ni kuwa fushi na yi, na ce ko girkina ne ya gundure shi. Ya fara take bayan takalminsa saboda ƙafa ta kumbura, na ce zai lalata takalmi. Ya daina hawa tsani, aikin esin bene duk ya bar wa wasu, ya ce wai ya gaji da rigimar masu gida. Nafila ya koma yi a zaune. Duk na gani, ɗaya bayan ɗaya, ban haɗa su wuri guda ba. In na tambaya sai ya ce, "Gajiya ce, Hajjaju, kawo shayi." Ranar da ya kasa ɗaga Toka zuwa kafaɗarsa muka tafi asibiti, likita ya ce ƙoda ce, kuma an makara.

Na ji ki ranar sadakar arba'in kina gaya wa Goggonki a bayan ɗaki cewa ke ce mai karatun jinya, ke ya kamata ki gane. Ki saurare ni. Sau biyu kika zo hutu a watannin nan, kuma duk zuwanki sai ya sa babbar riga ya zauna yana ba ki dariya. Ni ce mai wanke kwanonsa. In da laifin gani ne, nawa ne. Na kai ƙarata wurin Allah, na kuma yarda kwanansa ne ya ƙare. Ki sauke wannan kayan a Kano, kada ki hau mota da shi. Abin da za ki ɗauka kawai shi ne: mai cewa gajiya ce, ki duba kwanonsa.

Cikin takaba, bayan mutane sun watse kin koma makaranta, ƙanwarki Amira ma ta koma tata, gidan ya rage daga ni sai ita. Duk magariba takan hau katakon sama ta fuskanci ƙofa. Ba tsalle, ba kuka. Sai na fara ganin gefen cikinta ya yi gatsa-gatsa kamar an yi aski da almakashi marar kaifi. Na zaci ƙwari ne. Likitan dabbobi ya duba ya ce ita take cin gashin kanta, damuwa ce. Ya ce, "Hajiya, wa ta saba da shi?" Maman Ngozi da ta raka ni ce ta faɗa masa.

Da farko kamo ta na so in yi in rungume, ta ƙi. Sai na tuna yadda yake yi. Bayan na idar da magariba na shiga na zauna a ƙasa, na buɗe kejin, na ajiye hannuna a buɗe a kan gwiwa, na ci gaba da lazimi. Ban kira ta ba, ban kalle ta ba. Kwana goma sha ɗaya ina haka. A na sha biyu na ji gashin bakinta a yatsana. Ta hau tafin hannuna, ba nauyi kamar curin auduga, ta fara tsintar zoben da ya saya mini. Ranar na yi kukan da ban yi ba tun da aka fita da shi.

A zaman nan ne na gane abin da na yi miki. Ranar sadakar uku, gida cike da mata, na neme ki na rasa. Na same ki a ɗakin Toka kina share keji, idonki a bushe. Na ce, a gaban Hajiya Ladi da kowa, "Ubanki ya rasu kina hidimar ɓera. Wace irin zuciya gare ki?" Kika ci gaba da shara. Bayan nan kuma na sa Goggonki ta tsare ki a ɗaki sai kin yi kuka, wai kada abin ya taru a ranki. Daga sama na cafko ki. Da kika tafi ina gyara gadonki na ga matajinki cike da gashi, na zubar ban yi tunanin komai ba. Sai da na ga gefen cikin Toka na tuna matajin nan. Kina share ɗakin ne don nan warin hannunsa ya rage. Ni uwarki ban gane ba. Ki yafe mini. Tun tuni ya kamata in faɗa.

Saura maganar zafi, wadda kika ce fakewa nake yi. Akwai abin da ban gaya miki ba saboda kina jarrabawar ƙarshe. A bazarar bara, wata Asabar da rana tsaka, esin ta tsaya. Na shiga na tarar da Toka ta miƙe a gefe ɗaya a kan tayil, numfashi sama-sama, kunnuwanta sun yi jajur har ana ganin jijiyoyi. Na kunna fanka a kanta, ba ta ko motsa ba. Ashe ba sa gumi, fanka iskar zafi kawai take kaɗa musu. Na ƙwala wa Maman Ngozi kira. Ta shigo da gorunan ruwa masu ƙanƙara daga firjinta, ba ko takalmi. Na ɗauko bokiti zan tsoma ta, ta riƙe hannuna ta ce, "A'a! A hankali, Maman Amira, kar ki kashe ta da sanyi." Muka naɗe gorunan da tsumma muka jera kewaye da ita, ina shafa kunnuwanta da ɗanyen ƙyalle, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ita ma tana addu'arta. Sai bayan la'asar jan ya fara sauka, ta ɗaga kai ta lashi ruwa.

Masu gyara uku na kira daga Tarauni, duk yaran sana'arsa ne, sun yi iya ƙoƙarinsu. Na ƙarshen ya ce, "Hajiya, wannan esin Oga ne kaɗai ya san abin da ya haɗa a cikinta." Tana yi tana tsayawa. Da damina da sanyi muka lallaba. Yanzu ga bazara ta sake ƙaratowa, jiya ma da rana na ga kunnuwanta sun fara canjawa. Goggonki ta ce a can ko a watan zafi da bargo suke kwana.

Kin ce na gaji da ita. Ita ce kaɗai nake yi wa magana tsakanin magariba da isha'i. Ita ce abu mai rai na ƙarshe da ya san takun Abbanku. Na kwana biyu ina neman dalilin da zai sa in riƙe ta, duk wanda na samo nawa ne, ba nata ba. Na riga na ga alamu sau ɗaya na yi shiru. Ba zan sake ba.

Maganar hanya da baki zan faɗa miki kafin ki tafi, amma bari in rubuta ta ma: gobe ki shiga motar farko bayan asuba, ki zauna gefen da rana ba ta bugawa. Kada ki yarda a sa kejin a but, ko direba ya yi rantsuwa. Ki ɗora a cinyarki, ki rufa da farin zanin nan mai shara-shara. Na sa goruna biyu a firjin Maman Ngozi, ki karɓa kafin ki fita. Duk inda aka tsaya ki ɗaga zanin ki duba kunnuwa. In kun isa za ta ɓuya kwana biyu ko uku, wataƙila ta yi haushi, wataƙila ta rage ci kaɗan. Kada ki matsa mata, amma ki duba kwanon. A cikin ramin katakonta na saka tsohuwar hularsa, wadda ta cinye bakinta. A kai take kwana. Kada ki wanke.

Ke ma ki ci abinci. In dare ya yi miki tsawo ki gaya wa Goggonki, kada ki ce gajiya ce. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki tausasa hannu ga wanda ke kwance, ki shigo masa ta inda zai gan ki.

Ni kuma ba zan dame ki da kira ba. Na koyi wannan. Amma ki sani, kullum in na idar da magariba zan shiga ɗan ɗakin nan in zauna a ƙasa inda na saba, wayata a tafin hannuna a kan gwiwa. Ba sai kin zo da wata magana ba. Ko kwana goma sha ɗaya ne, ko wata, na iya jira. Ran da Toka ta fara yi miki tsalle dai ki daure ki sanar da ni.

Allah Ya jiƙan Abbanku, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa bayin Allah ɗakunansu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa albarka a hannunki. Shekara ashirin da uku ban kira sunanki ba, kunya ta hana. Yau ba kowa a ɗakin sai ni da Toka, ita kuma barci take yi.

Allah Ya yi miki albarka, Safiyya.

Wassalam.
Ummanki.